Ƙazuwar da ta ƙi jin magani

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 7 yana fama da ƙazuwa. Sau biyu ina shafa masa man permethrin, amma har yanzu kwana yake yana susa. Ko cutar ta daina jin magani ne?

Amsa: Allah ya ba shi lafiya, Malama. Abin da kike zargi yana faruwa, don likitocin fata a Jamus da Ostiriya sun ba da rahoton ƙazuwar da permethrin ya kasa kashewa. Sai dai kafin a ɗora wa magani laifi, nakan fara tambaya: su wa aka shafa wa?

Ƙwaron ƙazuwa ɗan mitsitsi ne, macensa ke haƙa rami a fata ta zuba ƙwai. Wanda ya kamu karon farko yakan yi mako 4 zuwa 6 bai fara susa ba, alhali yana yaɗa ta. In yaron kaɗai kika shafa wa, wanda suke kwana shimfiɗa ɗaya zai mayar masa da ita. Rana ɗaya ake yi wa kowa a gidan, mai susa da marar susa. A shafa tun daga wuya har tafin ƙafa, da tsakanin yatsu, ƙarƙashin farce, cibiya da matsematsi, a bar shi awa 8 zuwa 12, a maimaita bayan kwana 7. Tufafi da zanen gado a wanke da ruwan zafi, abin da ba ya wankuwa a ƙulle a leda aƙalla kwana 3.

Ki sani kuma ƙaiƙayi yakan kai mako 4 bayan ƙwaron ya mutu. Sababbin ƙuraje ne ke nuna yana raye.

In an yi duk wannan bai warke ba, sai likita ya sauya magani. Akwai maganin shafawa benzyl benzoate, wanda ake tsarma wa yara saboda raɗaɗinsa, da man farar wuta da ake shafawa dare 3 a jere (yana da wari, amma yana aiki). Akwai kuma ƙwayar ivermectin, ana auna ta da nauyin jiki, a sake sha bayan kwana 7 zuwa 14 tunda ba ta kashe ƙwai. Ba a ba da ivermectin ga mai ciki ko yaron da bai kai kilo 15 ba.

In ƙurajen sun yi ruwa, ko fuskarsa ta kumbura, ko fitsarinsa ya yi duhu, ki kai shi asibiti a ranar, domin ƙwayoyin cutar da ke shiga ta wurin susa suna iya taɓa ƙoda.