Kakanmu daga Kano ya zo Gwanja, ta ina zan fara neman asalinmu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni haifaffen zango ne a Kumasi, babana ma nan aka haife shi. Abin da muka taso muka ji kawai shine kakan babanmu bafatake ne, daga ƙasar Kano ya zo sayen goro bai koma ba, wasu kuma suna cewa mu Agalawa ne. Don Allah ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Toh, ka fara daga ƙasa, kar ka fara daga sama. Yawancin masu turo min irin wannan tambayar so suke in ɗauko musu tun daga Bayajidda ko daga Gabas in gangaro har kansu, alhali in ka ce su faɗi sunan kakar babansu sai a yi shiru. Salsala daga kanka take farawa, sai babanka, sai nasa uban, a haka za ka yi ta hawa har inda bakin masu rai ya tsaya.

Kuma tsofaffin mata za ka fara nema, gwaggonninka da kishiyoyin kakarka in da sauran masu rai. Maza sukan riƙe sunan uba da kaka su tsaya, amma tsohuwa ita ce za ta ce maka wance 'yar gidan wane ce, an kawo ta daga Yandi, ƙanwarta kuma aka kai Karachi (Kete Krachi ta Ghana). Ka je da goronka, ka kunna rikoda a waya da izininta, kar ka yi ta jero tambaya kamar ɗan sanda, ka bar ta ta yi ta zuba ko da ta kauce hanya, sau da yawa a kaucewar ne sunan garin zai faɗo. Sai ka kula da alkunya, ba lallai ta kama sunan mijinta ko ɗan farinta ba, za ta ce Malam ko Mai gida, sai ka nemi sunan yanka a bakin wani. In a gidanku akwai tsohon Alƙur'ani rubutun hannu a cikin gafaka, ka duba warƙar farko da ta ƙarshe, malamai kan rubuta haihuwa da rasuwa a wajen.

Abin da kake farauta sunan gari ne ko unguwa, don "Kano" kaɗai ba ta kai ka ko'ina. A Gwanja akan ce wa mutum Bakano ko da daga wani ƙauye na ƙasar Kano yake.

Maganar Agalawa kuwa ba abin mamaki bane. Fataucin goro a ƙarni na 19 galibi a hannun Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari yake. Agalawa da Tokarawa asalinsu daga wajen ƙasar Abzinawa ne, suka zauna a karkarar Kano da Katsina suka zama Hausawa, su kuma Kambarin Barebari daga Borno, cibiyarsu Gumi. Ayari kan tashi da jakuna ƙarƙashin madugu, a ƙetare Kwara ta wajen Yawuri, a bi ta Nikki da Zugu da Sansanen Mango da Yandi har Salaga, babbar kasuwar goro ta ƙasar Gwanja. To a 1892 yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga, fatake suka watsu, wasu Karachi, wasu Yeji, wasu daga baya Kumasi da Ankara (Accra). Kaga ke nan da wuya a ce kakanku kai tsaye Kumasi ya sauka, ka tambaya ko an taɓa ambaton Salaga a gidanku. Alhaji Alhassan Dantata ma Ba'agale ne, an haife shi a Bebeji a 1877, kuma shi ma ya yi zaman Gwanja kafin ya koma Kano, saboda haka Bebeji na cikin garuruwan da zan ce ka sa wa kunne.

Ka kuma tambayi ko tsohon yana da zane a fuska, wane iri, a wane kunci. Dattawan wanzamai a Kano har yanzu suna iya kallon kwatancen zane su ce maka na mutanen wuri kaza ne.

Wani abu da mutane ke mantawa shine korar baƙi da gwamnatin Firayim Minista Busia ta Ghana ta yi a 1969. Gidaje da yawa a zango sun rabu biyu a lokacin, wasu suka koma Najeriya da Nijar. In akwai wani baffanku da ya tafi a wannan shekarar, to ka bi sawun 'ya'yansa, don mai komawa gida yakan nufi inda aka ce masa nan ne tushe, ƙila su sun riga sun gano gidan.

Takardu sai daga baya. Akwai gidan adana takardun gwamnati a Ankara da Kumasi da Tamale, akwai na Kaduna, amma in ba ka da cikakken suna da gari wahala kawai za ka sha, sai dai in kakan naku ya riƙe sarautar zango ko ya shiga shari'ar gado ko ta fili. Gwajin DNA da ake yayi kuma, zai iya nuna maka yanki a dunƙule, ba zai ce maka Bebeji ko Garko ba, ni dai ban ga dalilin fara kashe kuɗi a nan ba.

Sannan ka shirya zuciyarka. Salaga kasuwar goro ce kuma kasuwar bayi ce, fatake da yawa sun yi ƙwarƙwara ko sun auri matan Dagomba da Gwanja, wasu yaran gida kuma sun ɗauki asalin ubangidansu suka zama 'yan gida. In binciken ya kai ka nan ka rubuta shi yadda ka same shi, amma ka san wanda za ka faɗa wa a dangi da kuma lokacin faɗa.