Shagona na tsakiyar Columbus: in sabunta haya ko in koma bakin jami'a?

Wani ɗan'uwanmu da ke zaune a Columbus, babban birnin jihar Ohio a Amurka, ya aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum. Ina da ɗan shago a tsakiyar gari, tsakanin manyan ofisoshi, ina sayar da abincin rana da shayi da ƙananan kayan waya. Tun bayan korona ciniki bai koma yadda yake ba. Yanzu hayata ta kusa ƙarewa, mai ginin ya ce ma'aikata suna dawowa ofis, in sa hannu na shekara biyar ya rage mini wani abu. Wani abokina kuma ya ce in kwashe in koma kusa da jami'ar Ohio State in riƙa sayar da riguna da hulunan 'yan wasa, tunda yanzu ana biyan ɗalibai masu wasa, in samu ɗaya daga cikin yaranmu na Afirka ya yi mini talla, kayan kuma in yi odarsu daga China. Wanne zan ɗauka?"

Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa wa nema albarka. Shawarata a taƙaice ita ce kada ka sa hannu a shekara biyar ɗin nan yadda aka kawo maka ita, kuma kada ka kwashe jarinka ka zuba a rigunan jami'a. Ka nemi gajeriyar haya a inda kake, ka gwada bakin jami'a da abin da ka iya, wato abinci. Ga dalilaina.

Mai gininka bai yi ƙarya ba. Gwamna Mike DeWine ya umarci ma'aikatan gwamnatin jihar Ohio su koma ofis gaba ɗaya daga watan Maris na 2025, kuma da yawa daga ofisoshin jihar suna nan kusa da kai. A watan Janairun shekarar gwamnatin tarayya ta ba nata ma'aikatan irin wannan umarni, Amazon ta mayar da nata kwana biyar a mako, bankin JPMorgan Chase ma ya bi sahu a watan Maris. Amma umarni daban, ƙafar da ke wucewa ta ƙofar shagonka daban. Kamfanin Kastle Systems, mai lissafin katin da ma'aikata ke dangwalawa a ƙofar ofis a manyan biranen Amurka goma, ya daɗe yana nuna cewa masu zuwa ba su wuce wajen rabin na kafin korona ba, ko sama da haka kaɗan. Talata ce ranar cika, Juma'a kuwa fayau. Columbus ba ta cikin biranen goma, amma kai da ke tsaye a bayan kanta ka fi kowa sanin ko haka abin yake a titinku. Kamfanoni masu yawa sun tsaya a kan kwana uku a ofis, biyu a gida, wasu kuma sun rage hawa-hawan da suke haya. Ma'aikacin da ke zuwa kwana uku, abincin rana uku zai saya, kai kuwa hayar kwana talatin kake biya.

Saboda haka kafin ka sake zama da mai ginin, ka buɗe littafinka. Ka ware cinikin watanni shida da suka wuce rana-rana: nawa ke shigowa Litinin, nawa Talata, har Juma'a. Ka kwatanta watannin da suka biyo bayan Maris na 2025 da irinsu na shekarar da ta gabace su. In dawowar ma'aikata ta iso gare ka, a nan za ka gan ta. In ba ta iso ba, to labarin jarida ba zai biya maka haya ba.

Sannan ka sani, wanda ya yi maka tayin ragi don ka ɗaure kanka shekara biyar, shi ne ke buƙatarka. Shagon ƙasa da babu kowa a cikinsa yana rage wa dukan ginin daraja a idon masu hayar ofis da na bankin da ya ba shi bashi. Wannan ƙarfi ne a hannunka, ka yi amfani da shi cikin mutunci. Ka nemi shekara ɗaya ko biyu, tare da haƙƙin sabuntawa a farashin da aka rubuta tun yanzu. In ya nace a kan dogon zango, ka nemi a rage hayar wata-wata a haɗa ta da wani kaso na cinikinka, yadda in kasuwa ta buɗe ku ci tare, in ta yi sanyi kada kai kaɗai ka ɗauki nauyin. Ka duba ko an ɗora maka harajin ginin da inshora da kuɗin gyaran harabar, domin yawancin hayar shaguna a Amurka haka ake rubuta ta, kuma waɗannan kuɗaɗen suna hawa ko da ita hayar ba ta motsa ba. Abin da ya fi tsorata ni shi ne sakin layin da ke cewa kai da kanka ka tsaya wa shagon. Ma'anarsa, in shagon ya rufe a shekara ta biyu, za a bi ka da hayar sauran shekarun har cikin asusun iyalinka. Ka nemi a taƙaita shi zuwa hayar 'yan watanni. Kuɗin da za ka ba lauya ya karanta maka takardar nan kafin sa hannu, kada ka ji ƙyashinsa.

Yanzu maganar abokinka. Shi ma akwai gaskiya a bakinsa. Daga 1 ga Yulin 2021 hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ta bar ɗalibai su karɓi kuɗi a kan sunansu da hotonsu. A watan Yunin 2025 kotu ta amince da sulhun shari'ar da ake kira House, inda za a biya tsofaffin 'yan wasa kusan dala biliyan 2.8, kuma kowace babbar jami'a ta samu damar raba wa 'yan wasanta kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Ohio State tana sahun gaba a wannan harka, ita ce ta ɗauki kofin ƙwallon Amurka na jami'o'i a Janairun 2025, filin wasanta kuma yana cin mutum sama da dubu 100. Duk wanda ya ga cunkoson ranar wasa a High Street, babban titin da ke gefen jami'ar, dole ransa ya biya.

Sai dai ka tambayi kanka ta ina waɗannan miliyoyin ke bi. Suna fitowa daga tashoshin talabijin da tikiti da attajirai masu son makarantar, suna shiga aljihun 'yan wasa da wakilansu. Ba sa ratsawa ta kan teburin mai sayar da hula. Wasannin ƙwallon Amurka da ake yi a gida bakwai ne ko takwas a shekara, duk tsakanin ƙarshen Agusta da ƙarshen shekara. Daga Mayu zuwa Agusta ɗalibai sun watse, unguwar ta yi tsit, haya kuma ba ta tafiya hutu. Ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari.

Ga kuma batun tambari. Sunan jami'ar da alamominta mallakarta ne, tana da ofishi na musamman mai ba da lasisi, kuma ba ta wasa da masu buga kayanta ba izini. Rigar da aka buga a China da tambarin makaranta ba tare da lasisi ba, a idon doka jabu ce. Kwastan na iya riƙe ta tun a tashar shigowa, a kuma kai ka kotu. In ka bi hanyar halak ka sari masu lasisi, ribar siririya ce, kuma kana gogayya da shagon jami'ar kanta da manya irin su Fanatics da ke kai wa mutum kaya har ƙofar gida. Rigar da ke ɗauke da sunan ɗan wasa kuwa ta fi kowace haɗari. Tun 2024 ɗan wasa na iya sauya makaranta sau da yawa ba tare da ya zauna jiran shekara ba, kuma duk kaka sai ɗimbinsu sun bi inda tayi ya fi tsoka. Yaron da ka buga sunansa a riga ɗari a watan Satumba, kafin ƙarshen Janairu yana iya zama ɗan wata jami'a, rigunan su yi maka kwantai.

Wurin da nake so ka tsaya sosai shi ne yaranmu. Yawancin ɗaliban Afirka da ke wasa a jami'o'in Amurka da bizar karatu ta F-1 suka shigo, kuma wannan biza ta taƙaita irin aikin da za su yi a biya su a cikin ƙasar. Shi ya sa da yawansu ba sa taɓa tallan da abokan wasansu 'yan ƙasa ke yi. Ka ba yaro 'yan ɗaruruwan daloli ya ɗauki bidiyo a shagonka, kana ganin taimako ka yi masa, alhali kana iya jefa karatunsa da zamansa cikin matsala. Wannan amana ce, iyayensa suna gida sun sa masa ido. Ko da ɗan ƙasa za ka ɗauka, duk yarjejeniyar da ta kai dala 600 sai ɗan wasan ya kai ta gaban masu tantancewa, kuma dole tallan ya bayyana cewa biya aka yi. Kafin ka yi magana da kowane ɗalibi, ka ce ya fara tuntuɓar ofishin makarantarsu mai kula da ƙa'idojin wasa da na ɗaliban ƙasashen waje.

Odar China ma ba kamar da ba ce. A da ƙunshin da bai wuce dala 800 ba yana shiga Amurka ba haraji, kuma a kan wannan shagunan intanet na Shein da Temu suka gina kasuwarsu. An rufe wannan ƙofa ga kayan China daga 2 ga Mayun 2025, ga sauran ƙasashe kuma daga 29 ga Agusta. Wannan ya shafi cajar waya da murfin waya da ke kan kantarka yanzu, don haka ka sake lissafin kuɗin da kowanne ke iso maka da shi kafin ka ɗora riba. Sayar da tufafi da tarkace a shago yana shan wuya ko ga manya: Bed Bath & Beyond ta durƙushe a 2023, Forever 21 ta rufe shagunanta na Amurka a 2025.

Abin da intanet ba ta iya ƙwace maka shi ne farantin shinkafa mai zafi da ƙarfe goma sha biyun rana. Ka gina a kansa. Kamfanonin da ke lallashin ma'aikata su dawo sukan yi odar abinci na taro a ranakun Talata zuwa Alhamis. Ka buga ɗan katin farashi na mutum goma, ashirin, hamsin, ka shiga ofisoshin da ke kewaye da kai ka ba masu kula da su. Ranar Juma'a ka rage girki da sa'o'in yaran shago. Columbus tana da Musulmi masu yawa, musamman 'yan Somaliya, a jami'ar ma akwai ɗalibai masu neman abincin halal, to in kana son ɗanɗana kasuwar bakin jami'a, ka yi ta kakar wasa guda da abinci: ka nemi izinin sayarwa na wucin gadi daga hukumar lafiya ta birnin, ko ka haɗa kai da mai motar abinci da ya riga ya mallaki lasisi ku raba riba. Ka ware wa gwajin kuɗin da in sun tafi gaba ɗaya shagonka ba zai girgiza ba, ka buɗe masa littafinsa daban, kada ya gauraya da na tsakiyar gari. In watan Disamba ya zo ka aza littattafan biyu gefe da gefe, ka turo mini abin da suka nuna mu sake dubawa tare.