Amsa ga mai shagon buga takardu a Marwa: a koma Windows 11 ko a zauna a kan 10?

Wa alaikumus salam, Malam. Na ga tambayarka tun jiya, aiki ne ya hana ni zama in rubuta. Ka ce kana da shagon buga takardu a Domayo, kwamfutoci uku duk Windows 10 ce a kansu, saƙo yana ta fitowa cewa zamaninta ya wuce, kuma yaron da ke yi maka gyara ya ce ka kawo ya ɗora maka 11 a kan duka ukun. Kana so ka san ko abin ya kai a kashe masa kuɗi da lokaci. Ni gyaran kwamfuta ne sana'ata a nan Garwa tun Windows XP tana tashe, to bari in faɗa maka abin da idona ya gani.

Kada ka miƙa masa duka ukun tukuna. Kowace kwamfuta da hukuncinta, sai an duba cikinta.

Saƙon da kake gani gaskiya ne. Microsoft ya daina tura wa Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum tun ranar 14 ga Oktoba 2025, bayan ta yi shekara goma a kasuwa. Kwamfutar ba za ta mutu ba, Word zai buɗe, firinta za ta buga kamar kullum. Abin da ya canza shi ne duk wata kafa da ɓarayin intanet suka gano daga ranar, a buɗe za ta zauna. Mun ga irin wannan da XP a 2014, mun sake gani da Windows 7 a Janairun 2020. Shekarar farko kowa ya ce ai babu abin da ya faru. Daga baya manhajoji suka riƙa janye jiki ɗaya bayan ɗaya, har Chrome ya tsaya cak a kan Windows 7 a farkon 2023, shafuka suka fara ƙin buɗewa yadda ya kamata. Haka 10 za ta bi, a hankali.

Amma idan sauri kake nema, cire rai. Ban taɓa ganin kwamfutar da ke jan ƙafa a kan 10 ta warke don an sa mata 11 ba. Masu cewa tasu ta yi sauri, wanke ta aka yi tas aka zubar da tarkacen shekaru, ko da 10 ɗin aka mayar haka za su ji. Abin da ke sa tsohuwar kwamfuta ta farfaɗo shi ne a cire tsohon faifan ajiya mai juyawa a sa SSD, wato sabon faifan ajiya mai sauri marar juyawa, a kai RAM, ma'ajiyar aikin da kwamfuta ke kai, giga 8. In kuɗinka na abu ɗaya ne kacal, nan za ka zuba su.

Yanzu sai batun ko injinanka za su ɗauka. Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021, tana da sharuɗɗa: RAM giga 4, wurin ajiya giga 64, wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, sannan firosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, ta Intel daga zubi na 8 zuwa sama, ko Ryzen 2000 zuwa sama. Wannan na ƙarshen shi ke kayar da yawancin na hannu da ake kawo mana daga Duwala ko ta Mubi. Duba da kanka, ba sai ka biya kowa ba. Shiga saiti, ka nemi bayanin kwamfutar, ka karanta lambar da ke bayan i5 ko i7. In ka ga i5-6300U, zubi na 6 ce, ba ta shiga. In ka ga i5-8250U, ta 8 ce, ta tsallake. Laftof ɗin HP EliteBook 840 G3 da ta cika shagunanmu tana cikin waɗanda aka bari a baya, G5 mai firosesa zubi na 8 kuwa ta shiga. Akwai kuma ƙaramar manhajar Microsoft mai suna PC Health Check da za ta faɗa maka kai tsaye. Wani lokaci TPM ɗin yana nan, a kashe kawai yake a cikin BIOS, saitin injin da ake shiga kafin Windows ta tashi, kunna shi aikin minti biyu ne.

Wadda ta cika sharuɗɗa a cikin ukun, ɗora mata, ba ni da ja. Kyauta ne muddin lasisinta na gaskiya ne, kuma da yawa daga cikin na ofis da ake kawowa daga Turai lasisinsu yana manne a cikin injin, ko da wani ya bi ya sa musu na bogi daga baya. Ita ce za ka mayar kwamfutar intanet: karɓar takardu ta WhatsApp, rajistar jarrabawar shiga makarantu, cike takardun haraji, duk abin da ya shafi lambar sirri ko kuɗin mutane.

Inda nake so ka buɗe kunne shi ne waɗanda ba su cika ba. Na san abin da yaron zai yi, domin kowa a sana'ar nan ya sani. Akwai wata manhaja, Rufus, da ita ake shirya filash a tsallake binciken TPM da na firosesa, 11 ta hau lafiya lau. Ranar farko za ka yi murna. Sai dai Microsoft da kansa ya ce bai ɗauki alkawarin ci gaba da tura gyara ga irin waɗannan injina ba, kuma babban sabuntawa na shekara-shekara ba ya zuwa musu da kansa. Kowane zubi na 11 wata 24 ake kula da shi, daga nan sai ka sake neman mai gyara, ka sake biya. In kuwa mai tsohuwar firosesa Core 2 Duo ce, zubin 11 da ake kira 24H2 ko tashi ba zai yi a kanta ba. Ɗora wa jaki kayan raƙumi ke nan, zai taka amma ba zai kai kasuwa ba. Ni kaina nakan yi wa mutum in ya nace kuma kwamfutar ta wasan yara ce a gida. Wadda ake cin abinci da ita, a'a.

Kuma kai mai firinta ne, wannan ya fi komai muhimmanci a wurinka. Windows 11 babu mai 32-bit, 64 ce kaɗai. In tsohuwar firintarka ko sikana direbanta, wato manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta, na 32 ne kawai, ranar da aka sauya, ranar ta zama kayan ado. Kafin a taɓa komai, a nemo direban a gwada a kan inji guda. Ka tuna lokacin da ɗaliban Jami'ar Marwa ke tururuwar buga kundin kammala karatu. Wanda firintarsa ta tsaya a wannan makon ya san abin da ya rasa, don haka ko za ka yi sauyin, kada ka yi shi a tsakiyar kakar aiki.

To me za a yi da waɗanda aka bari? Akwai shirin ƙarin wa'adi da ake kira ESU, yana ba Windows 10 gyaran tsaro har 13 ga Oktoba 2026. Sai tana kan zubin 10 na ƙarshe, 22H2, kuma sai da asusun Microsoft. Ana samunsa kyauta in ka yarda a adana saitinka a asusun, ko a biya dala 30. Numfashi ne kawai na tara kuɗin wata. Ko kuma ka zare musu intanet gaba ɗaya, su zama na bugu da gyaran rubutu. Sai dai ka sani filash ɗin kwastoma ita ce babbar ƙofar cuta a shago irin naka, wannan ƙwayar da ke mayar da fayiloli gajerun hanyoyi kowa ya sha ta. Ka sa doka: kowace filash a fara soka ta a wadda aka ɗora wa 11, a bincike ta, sannan ta wuce. Wasu za su ce maka ka sa Linux Mint, wani tsarin kyauta da ke maye gurbin Windows. Tana da kyau, tana tafiya a tsohon inji, ni ma ina da ita a gida. Amma takardar Word mai tebura da aka tsara a wani wuri takan zame in an buɗe ta a LibreOffice, madadin Word a can, kuma kwastoma ba ya jin bayani, shafinsa yake so yadda ya kawo shi.

Ranar aikin kuma, wuta. Mu da dam ɗin Lagdo ke ba wa lantarki mun san yadda ake ciki in ruwan dam ya ja baya a watannin zafi. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar sauyi, ga batirin laftof ya mutu tuntuni, sai ka wayi gari da injin da ba ya tashi. A yi shi inda akwai sola ko janareta. A kwashe duk takardu zuwa wani faifan daban kafin a fara, ka gani da idonka cewa suna buɗewa, kada ka yarda da "na kwafe" ta baki. Fayil ɗin 11 ya haura giga 5, don haka a sauke shi sau ɗaya a filash. In da wayarka kake ba kwamfuta intanet, ka sa mata alamar layi mai awo a saiti, in ba haka ba sabuntawa zai shanye maka data cikin dare. Idan ta hanyar sabuntawa aka hau ba wankewa ba, kana da kwana 10 da za ka iya komawa 10 in abin bai yi maka ba.

Abu guda da masu gyara ke mantawa su faɗa: sabuwar 11 da aka ɗora daga tushe takan kulle faifan da BitLocker, makullin tsaron Windows, da kanta in an shiga da asusun Microsoft, mabuɗin kuma yana cikin wannan asusun. In yaron ya buɗe asusun da imel ɗinsa ya tafi, ranar da injin ya nemi mabuɗi babu mai iya ciro maka ko takarda ɗaya, har ni. Asusun ya zama naka, da lambar wayarka, ka rubuta mabuɗin mai lamba 48 a littafi ka ajiye a gida.

Turo mini lambar firosesar kowacce da girman RAM ɗinta, da sunan firintar. In Allah ya yarda zan faɗa maka wadda za ta hau, da wadda SSD kawai take buƙata.