Hukuncin Sauya wa Kaya Asali Domin Su Shigo Babu Kuɗin Fito

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina fataucin man girki daga Kwatano zuwa Kano. Man daga Malesiya yake zuwa, amma wani dillali ya ce zai juye mini shi a sababbin jarkoki, ya samo takardar da ke nuna a Benin aka yi shi, sai ya shigo ƙarƙashin yarjejeniyar ECOWAS babu kuɗin fito. Ya ce kuɗin kwastan makasu ne, wato harajin zalunci, makasu kuwa haramun ne, don haka babu laifi. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Abin da dillalin nan ya kira ka zuwa gare shi bai halatta ba.

Sai an san abu ake yanke masa hukunci. Tsarin ETLS, wato tsarin sauƙaƙa kasuwanci tsakanin ƙasashen ECOWAS, ya yafe kuɗin fito ne ga kayan da asalinsu na yankin ne kawai. Amfanin gona da dabbobi da aikin hannu suna wucewa ba tare da takardar shaidar asali ba. Kayan masana'anta kuwa sai kwamitin ƙasar da aka yi su ya tantance kamfanin da hajarsa, kuma dole ne ko dai an samar da kayan gaba ɗaya a yankin, ko an sarrafa su har sun sauya aji a jadawalin kwastan, ko aikin da aka yi musu a gida ya kai kashi 30 cikin ɗari na kuɗin da aka kashe wajen samar da su. Juye mai daga tanki zuwa jarka bai cika ko ɗaya ba. Kayan waje suna biyan harajin bai-ɗaya da ya fara aiki a 2015, mai matakai biyar: 0, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. Yarjejeniyar kasuwanci marar shinge ta nahiyar Afirka (AfCFTA), wadda Najeriya ta sa wa hannu a Yamai a 2019, ita ma a kan sharaɗin asali aka gina ta.

Ke nan takardar da za a ba ka shaidar zur ce a rubuce, wadda Annabi (SAW) ya lissafa cikin manyan zunubai. Ga algus ga mai saye, alhali a Sahihu Muslim ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Irin wannan takarda kuma da wuya ta fito babu rashawa. Ko da a ce harajin zalunci ne, waɗannan ukun suna nan daram.

Maganar makasu ita ce ke buƙatar tsayawa. Gaskiya ne Shari'a ta tsananta a kansa. A hadisin matar Gamidiyya, wadda ta yi zina ta tuba, an ce ta yi tuban da ko mai karɓar makasu ya yi shi za a gafarta masa. Amma makasu shi ne abin da ake ƙwata daga fatake babu haƙƙi, ya tafi aljihun masu iko. Harajin kan iyaka yana da asali tun zamanin Sayyidina Umar (RA): ya karɓi ushiri, wato kashi ɗaya cikin goma, daga fataken ƙasashen da ke karɓar ushiri a hannun Musulmi, wato ramuwa daidai da daidai, wadda a kanta yarjejeniyoyin yau suke tafiya. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Umar yana karɓar rabin ushiri daga Nabaɗawa, wasu fatake waɗanda ba Musulmi ba, a kan alkama da mai don su yawaita kawo su Madina, yana karɓar cikakken ushiri a kan dangin wake. Ka ga shugaba yana ɗaga haraji ko ya sauke shi gwargwadon maslahar kasuwa. A kan Musulmi, malamai sun yi saɓani: wasu sun hana duk abin da ya wuce zakka, su Gazali da Shaɗibi sun halatta da sharaɗin buƙata ta gaskiya da adalci wajen karɓa da kashewa. Na fi karkata ga na biyu, duk da ina ganin yadda ake wasa da dukiyar jama'a, abin da ke ci mini rai. Ɓarnar jami'i nauyinta na kansa, ba ta halatta maka ƙarya.

Sannan Allah ya ce a farkon Suratul Ma'ida a cika alkawura. Wanda ya fi cutuwa da wannan dabara shi ne manomin gyaɗa da mai matse mai na gida, waɗanda dominsu aka yi rangwamen. In abin ya yi yawa kuma hukuma kan yi jam'u: rufe iyakokin da Najeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ya haɗa har da masu halastaccen fatauci a Jibiya da Illela da Maraɗi.

Ka sayi man kamfanin da ke da lambar amincewa ta ETLS, ka duba cewa lambar takardar ta dace da ta hajar, ko ka bayyana man Malesiya da sunansa in doka ta yarda ya shigo, ka biya, ka karɓi rasit. In kayanka na kan ƙa'ida amma aka tare ka a shinge aka ƙi sakinka sai ka ba da rashawa, ka kuma rasa wurin kai ƙara, zunubin na mai karɓa ne. In ka riga ka shigo da wani kaya ta waccan hanya, ka tuba, ka sanar da masu sayen da ka sani, domin suna da zaɓin mayarwa, ka kuma biya abin da ka kauce wa. Wallahu a'alam.