Kaset ba shara ba ne

Wai kana tambayata idan mun juya kaset ɗin bidiyo zuwa filas, ko mu ce wa mai shi ya yar da kaset ɗin tunda ya gama amfani. Kai, yaran yanzu! Duk abin da bai shiga waya ba a wurinku shara ne.

Ba zan zauna ina koya maka goge kan na'ura da sifirit ba, ko ɓalle ɗan haƙorin nan na bayan kaset don kada a ɗauki wani abu a kansa. Wanda bai san wannan ba ya koma ɗinkin jaka. Abin da nake so ka riƙe shi ne, kamfanin Funai, na ƙarshe da ke ƙera na'urar VHS mai kunna irin wannan kaset, ya rufe aikin tun 2016. Wadda ke gabanka idan ta mutu, sai dai mu bi 'yan gwangwan muna tonon kayan gyara.

Wani Alhaji, ba zan kama suna ba, ya kawo mini kwali guda na kaset ɗin mahaifinsa. Tsohon ya sayo kyamara a Makka wajen 1985, ya riƙa ɗaukar duk abin da idonsa ya gani: Hawan Daushe zamanin marigayi Sarki Ado Bayero, 'yan lifidi, 'yan bindiga, ƙura ta tashi har ba ka ganin dawakin baya. Akwai inda ya hau badala ya juya kyamara, ga ganuwa a tsaye inda yau shaguna ne. Akwai kamun amarya, tsofaffi na waƙar da yanzu babu mai yin ta. Damina ta ci rabin kaset ɗin, fumfuna fari fat a jikin zaren. Na kwance su ɗaya bayan ɗaya, na goge da hannu. Guda biyu daga 'yan uwansu na Maraɗi suka zo, tsarin launin hotonsu SECAM ne irin na Nijar, a na'urarmu mai tsarin PAL na Najeriya sai baƙi da fari, sai da na aro wata na'ura da kuɗina.

Alhajin ya ba da kafin alƙalami, ya ce ciko sai Juma'a. Ya karɓi filas, sannan ya tsaya a kaina sai na goge kwafin da ke kwamfutata a gabansa, wai akwai matan gidansu a ciki. Hakkinsa ne, na goge. Na roƙe shi ya adana kaset ɗin a tsaye, wuri mai sanyi marar danshi, ya yi kwafi biyu ya ajiye ɗaya wani gidan. Ya ce to.

Juma'ar nan har yau ba ta zo ba. Shi ne ya zo, bayan filas ɗin ya lalace a aljihun ɗansa, yana ɗaga murya wai aikina ne jabu. Na ce kawo kaset mu sake. Ashe matarsa ta ba 'yan jari-bola kwalin gaba ɗaya a kan kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba. Kuɗina ba su dame ni kamar ganuwar nan ba, domin ban sake ganin wanda ya ɗauke ta daga wannan kusurwar ba.

Saboda haka duk wanda ya zo, ciko a hannu kafin filas ya fita. Ka rubuta shekara da sunan taron a jikin kowane kaset, ka mayar masa da su. Yanzu ajiye wayar nan ka ɗauko mini sukudireba.