Amsar Maman Walida ga Maman Ummi: 'yan mata uku da kwanukan ƙarƙashin gado

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da yamma. Maman Ummi, ƙanwata, tun da safe na saurari muryarki ina tsakiyar wanke-wanke, sai yanzu na samu zama. Ku yi haƙuri, maganar za ta ɗan ja. Ga waɗanda ba su ji ba, cewa ta yi 'ya'yanta uku duk mata ne, babbar shekararta 8, ƙaramar ko yaye ba a yi ba, dangin miji sun fara yi mata gorin ɗa namiji. Ita kuma har ta shiga adashe, in ta kwasa sai ta sayi kwanuka ta tura ƙarƙashin gado saboda aurensu. Ga gajiya, ga maigida yana ƙorafin ba ta da lokacinsa.

To ni huɗu Allah ya ba ni, duk mata, bara na aurar da ta fari. Duk abin da kika faɗa na taka shi da ƙafata.

Maganar gori ba zan daɗe a kanta ba. Ki buɗe Suratus Shura, aya ta 49 da ta 50, Allah ya ce shi ke ba wanda ya so mata, ya ba wanda ya so maza, kuma da mata ya fara. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, 'ya'yansa maza duk suna ƙanana suka rasu, ta wajen Nana Faɗima zuriyarsa ta yaɗu. A Sahihu Muslim ya ce wanda ya reni 'yan mata biyu har suka balaga, ranar ƙiyama zai zo tare da shi, sai ya haɗa yatsunsa. Biyu fa aka ce, ke uku gare ki. Ko a wajen awo an yi mana bayani, daga ƙwayar halittar uba ake samun abin da ke sa jariri ya zama namiji ko mace. Amma don Allah kar ki ɗauki wannan ki je ki faɗa wa Hajiya, uwar mijinki ce. Ki riƙe shi a ranki don ki daina ganin laifin kanki. In ta yi maganar, ki ce Hajiya a taya mu da addu'a, ki wuce.

Yauwa, kwanukan nan su ne suka sa na ɗauki waya.

Walida tana shekara 6 na fara tari. Samira, kumbo, tangaran, kuloli, zannuwan gado, duk kwasar adashe sai na shiga kasuwar Sabon Gari. Wallahi akwai watan da na hana kaina magani don kar zubi ya wuce ni. Shekara 16 kayan nan suna ajiye. Da aka sa rana na jawo su, zannuwan gado ɓera ya yi musu ɓarna, robar bakin kuloli ta bushe ta tsattsage, samirar kuma ƙannena da za su je jere suka ce Yaya, an daina yayin wannan, ba mai jera ta yanzu. Na shiga ɗaki na yi kuka sosai. Rabin kayan kyauta na bayar.

Kin san abin da ya rufa min asiri? Sarƙa da 'yan kunnen gwal da na saya da kuɗin barkar haihuwar Walida, sai tumaki biyu da na ba wata inna tawa kiwo a ƙauye, suka yi ta haihuwa. Kun dai ga yadda kaya suka tashi tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, katifa kaɗai sai da ta ba mu tsoro. Amma gwal ya bi tashin, tumaki ma sun bi. Waɗanda suka tara takardun kuɗi a asusu kuwa, kun tuna wahalar canjin kuɗi a farkon shekarar 2023, ga darajarsu ta zube. Saboda haka in za ki yi tanadi, ki sa a abin da ke haihuwa ko abin da ba ya tsufa. Kwano kuma ana saura wata uku biki ma kya saya, na yayin lokacin.

Sannan ki tuna kayan ɗaki al'adarmu ce, addini bai ɗora wa uwa ba. A al'adar ma gado da katifa da kujeru na uba ne da danginsa, mu namu kayan kicin. Nauyin ya kai har gwamnatin Kano ta ɗauki auren mutum 1,800 da amarensu a Oktoban 2023, da gado da katifa. Ke kaɗai da kuɗin adashe ba za ki ɗauki na mutum uku ba, ki zaunar da Baban Ummi ku yi lissafin tare.

Ke Auta, ajiye wuƙar nan! Kawo ta nan. Yauwa. Ku yi haƙuri.

Abin da ya fi asarar kwanukan ciwo a wurina shi ne wannan. Saboda kullum aure ne a raina, sai ya zama shi ne a bakina. Yarinya ta zubar da miya, haka za ki yi a gidan miji? Ta makara, wa zai ɗauki wannan a gidan wani? Wata rana ina yi wa ta biyun tsifa, tana shekara 9 lokacin, kanta a cinyata, sai ta ce, Umma, mu baƙi ne a gidan nan? Na ce wa ya gaya miki? Ta ce ai kullum kina cewa tafiya za mu yi. Wallahi hannuna sai da ya tsaya a kanta. Daga ranar na cire kalmar gidan miji daga faɗana. Shara, girki, wanki, duk ina koya musu, amma cewa nake ki iya don ki amfani kanki, ki taimake ni. Kuɗin da da zan kai kasuwa na mayar wa kuɗin makaranta da na hadda. Wannan yarinyar yanzu tana karatun ungozoma.

Batun gajiya da maigida kuma, aikin safe da daddare ake rage shi. Kayan makaranta a goge, wake a surfe, takalma da hijabai a jera a bakin ƙofa. Kitso ki mayar Alhamis da yamma tunda ba islamiyya, ki sa a yi musu ƙanana masu kai sati biyu. Ummi a shekara 8 za ta iya wanke kofuna, ta sa wa ƙanwarta safa. Ana idar da isha'i su kwanta, kar ki ɗaga ƙafa a nan, don wannan sa'ar taku ce ke da shi. In yana cin abinci ki zauna, ko da kin ci naki, kuma kar ki tare shi da maganar kuɗi a bakin ƙofa. Ki ba shi aiki a kansu, shi zai riƙa karɓar haddar Ummi bayan magariba. Maigidana da ya fara haka, da kansa ya riƙa tare maganar 'yan uwansa, ni ban ƙara buɗe baki ba.

Kwanukan da kika riga kika saya, ki fito da su ku ci abinci a ciki. In kina son maganar kiwon, ki yi min magana ta gefe in gaya miki yadda muka yi rabon 'ya'yan tumakin da innata. Bari in tashi, ga su can na ji sallamarsu, an taso daga islamiyya kuma ban kwashe tuwo ba. Ki shafa min kan yaran.