Amsa ga Kawu game da zamanmu a Skerries

Kawu, bayan gaisuwa da girmamawa, ka tambaye ni yadda muke zaune a ƙauyen da aka ce maka babu majalisa kuma babu mai leƙa gidan wani, har kana fargabar ko mun yar da zumunci.

Skerries tana bakin teku a ƙasar Ayilan, kimanin kilomita 30 arewa da Dublin, babban birnin ƙasar, kuma mutanenta sun ɗan haura 10,000. Asalinta garin masunta ne, har yau jiragen kamun kifi suna kwana a gaɓarta, sai dai magidanta da yawa a birni suke neman abinci. Da ƙarfe 7 na safe za ka tarar da tashar jirgin ƙasa cike, kowa da jaka a kafaɗa, cikin minti 40 an isa tashar Connolly da ke cikin Dublin, daga nan garin ya koma hannun tsofaffi da 'yan makaranta da tsuntsayen teku, sai da yamma ya sake cika.

Shirun nan ba gaba ba ne. Maƙwabci zai gaishe ka a hanya, ku taɓa hirar ruwan sama, amma ba zai ƙwanƙwasa maka ƙofa ba tare da ya sanar ba. Lokacin da mai ɗakina ta haihu, dattijuwar da muke katanga ɗaya da ita ta ajiye burodin da ta gasa da hannunta a bakin ƙofa, da 'yar takardar barka, ta juya ba ta shigo ba. Da farko abin ya sosa mini rai, sai daga baya na gane kawaici ne irin nasu, tana gudun ta takura wa mai jego.

Mu Hausawa ba mu da yawa, kuma a warwatse muke tsakanin garuruwan Balbriggan da Swords da cikin Dublin, don haka zumuncinmu sai da alƙawari. Ana raɗa suna ran bakwai a gida, amma taron sai Asabar, lokacin da kowa ya huta, ragon kuwa wurin mahauci Musulmi ake sa a yanka. Idan an yi wa wani rasuwa a gida Najeriya, kafin dare saƙo ya zagaya ta WhatsApp, a yi karo-karo, a je masa ta'aziyya ko da tafiyar awa guda ce. Juma'a yawancinmu a birni muke yi, kusa da wurin aiki, ni a masallacin South Circular Road.

Abin da har yau ban saba da shi ba shi ne rashin kiran salla, domin waya ce ladaninmu. A watan Yuni magariba kan kai kusan ƙarfe 10 na dare, a Disamba kuwa ƙarfe 4 da 'yan mintuna rana ta faɗi, sau da yawa ina cikin ofis ban ma kama hanyar tasha ba.